Kurakuran liƙi da ke kashe salula a teburin mai gyara

Wayoyi da yawa da ake maido wa mai gyara bayan sati ɗaya ko biyu, ciwon da suka dawo da shi a kan teburinsa suka same shi. Maganata ta fi shafar ƙannenmu da ke koyon aiki a rumfunan Babbar Kasuwar Yamai da wajen Katako, waɗanda ake ba su injin iska mai zafi tun hannunsu bai san allon cikin waya ba.

Babbar matsalar ita ce gaggawa wajen ba da zafi. Lambar da ke jikin injin, ko 350 ce ko 400, zafin iskar da ke fita daga bakinsa take nunawa. Allon kuwa yana da shimfiɗun tagulla a cikinsa masu shanye zafi su watsa shi. Shi ya sa yaro zai ga liƙi, wato ƙarfen da ke manne kayan waya a jikin allon, ya ƙi narkewa, sai ya ƙara wuta ya manna bakin injin wuri guda. Sama ya ƙone, ƙasa bai narke ba, allo ya lanƙwashe, ƙwallayen liƙi da ke ƙarƙashin IC na kusa, wato ƴan ƙananan kayan nan masu ƙafafu da yawa da ke sarrafa aikin waya, su tsattsage. A masana'anta a hankali ake ɗaga zafi, ba ya wuce digiri 3 a daƙiƙa, kuma sai allon ya ɗumama gaba ɗaya wajen digiri 150 kafin a kai shi ga narkewa. In ba ka da farantin ɗumama allo daga ƙasa, ɗaga bakin injin nesa kaɗan, ka yi ta kewayawa minti ɗaya ko biyu, sannan ka matso. Kada ka taɓa fizgar IC da hantsaki. Ɗan zungure shi, in ya motsa da kansa ya nuna. Wanda ya ja da ƙarfi, da ƙafafun tagullar allon zai taho, daga nan kuma sai aikin jan siraran wayoyi, in ma ya yiwu.

Akwai kuma rashin sanin irin ƙarfen liƙin da ke hannu. Tsohon haɗi, kuza kashi 63 da dalma kashi 37, yana narkewa a digiri 183. Tun da Tarayyar Turai ta hana dalma a yawancin kayan lantarki a 2006, kamfanonin waya suka koma haɗin kuza da azurfa da tagulla, wanda sai wajen digiri 217 yake narkewa. In ka ɗora sabon liƙi kan tsoho ba ka goge ba, ɗaya zai narke ɗaya bai gama ba, haɗin ya fito dusu-dusu mai tsatsaga, waya ta yi aiki yau gobe ta ɗauke. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai narkewa a digiri 138, wanda ake haɗawa da ƙarfen bismut. Yana da daɗin aiki, yana taimakawa wajen cire abu, amma gautsi gare shi, in kuma ya gauraya da dalma yana iya saki ƙasa da digiri 100. A ganina bai kamata ya kwana a bakin caji ko kusa da IC na wuta ba, balle a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. A cire da shi, a goge tas da igiyar tagulla mai tsotse narkakken liƙi, a liƙa da na ƙwarai.

Ƙananan kayan nan masu ƙafa biyu, wasu tsawonsu milimita 1, wasu 0.6, sukan miƙe tsaye kan ƙafa ɗaya. Gefe ɗaya ne ya riga narkewa ya janye su. A daidaita kwaɓin liƙi, wato garin ƙarfen liƙi da aka kwaɓa da mai, a ɓangarorin biyu, a hura daga sama tsaye, a rage ƙarfin iska. Ƙafafun da suka haɗe da juna kuwa, yawan kwaɓi ne ko farantin ramukan da ake shafa kwaɓin ta cikinsa da ba a goge ba.

Shi kansa kwaɓin liƙin, a firiji ake ajiye shi, tsakanin digiri 0 da 10. Wanda ya wuni a rumfar kwano ya bushe, sai ya riƙa fantsama ƙananan ƙwallaye ko'ina. In an fito da shi daga sanyi a bar shi a rufe awa biyu zuwa huɗu, don kada raɓa ta shiga.

Yanayinmu ma da nasa rabon. Da damina, wajen Yuli da Agusta, IC da aka bari a buɗe yana shan laima. Ka sa masa zafi farat ɗaya, ruwan ya zama tururi ya fasa shi daga ciki kamar gugguru, wani lokaci har ka ji ƙarar. Masana'antu kan gasa irin waɗannan a digiri 125 na tsawon awoyi kafin liƙi. Mu aƙalla mu bar su cikin ledarsu a rufe da ƴan ƙullin busarwar nan, wayar da ta faɗa ruwa kuma a busar da allonta sosai kafin a kusanto da injin. Da hunturu kuma iska ta bushe, jiki yana tara wuta. Mutum ba ya jin tartsatsinta sai ta kai wajen volt 3000, alhali ƙasa da 100 na iya raunata IC. Igiyar wuyan hannu mai haɗe da ƙasa ba ta da tsada, kuma kada a yi aiki kan leda ko darduma.

Saura wanki. Man liƙin masu gyaran radiyatar mota yana da asid, yana cin tagulla sannu a hankali, bai da wuri a teburin waya. Fetur kuma yana barin maiƙo da ƙura ke mannewa a kai. A wanke da isofurofil, wani nau'in sifirit na wanke kayan lantarki, mai kashi 99, a bari ya bushe, a duba kowace ƙafa da madubin ƙara girma, a gwada da mita ko layin wuta ya haɗe da layin ƙasa na allon, sannan a sa batir.