Girgizar inji bayan gyaran kuloci: kurakuran da aka fi yi

Wata motar tsere ta shigo garejinmu a Garwa bayan an yi mata gyaran kuloci, sitiyari da sandar giya suna rawa kamar mai zazzaɓi. An canja mata tayoyi, an canja fulogi, kuɗi sun tafi a banza. Kuskuren farko ke nan: saye kafin gwaji. Ka tsayar da mota, ka sa ta a furi, ka taka totur a hankali. In rawar tana bin ƙarar inji alhali mota ba ta motsi, ka kyale taya. Duba robobin da inji ke zaune a kai, in lafiyarsu lau sai ka nufi kuloci da filawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke bayan inji, wanda ake ɗaure kuloci a jikinsa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne kwancewa ba tare da sa alama ba. Kafin ka taɓa noti ko ɗaya, ka ja layin fenti daga murfin kuloci zuwa filawil, don kowa ya koma mazauninsa. Yara suna cewa, “Maigida, ai ɗan bambancin ba ya komai.” Yana yi. Giram 10 da ya rinjaya a nisan santimita 15 daga tsakiya yana fizgar karanshaf, sandar inji mai juya filawil, da ƙarfin kusan kilo 15 a juyi 3000 cikin minti ɗaya. A juyi 6000 ya kai kilo 60. Shi ya sa motar tsere ke tona asirin aikin da motar haya za ta rufa.

Wajen daidaita nauyi, filawil ake fara yi shi kaɗai, sannan a ɗaura murfin kuloci a sake aunawa, gyaran na biyu kuma a jikin murfin. Ba a haɗa faifan kuloci, domin ba wuri ɗaya yake zama ba. Huda filawil da ka kuwa ɓarna ce, aikin injin awo ne.

Kayan gwanjo ma a yi hattara. Injin Ford 302 ya canja nauyin filawil a 1981, tsohon filawil da sabon duk suna shiga, amma in aka musanya su ba sa zaman lafiya.

Motar nan tamu, ƙurar hunturu da tsatsa muka tarar a bakin karanshaf, filawil ya zauna a karkace. Muka goge tas, muka ɗaure notocin ɗaya daura da ɗaya da sifana mai auna ƙarfi. Aka tayar da ita, kofin shayin da na ɗora a kan bonet bai zube ba.