Matakan sauya lasisin tuƙi da yin inshorar mota bayan ƙaura zuwa wata ƙasa

Tun kafin ka tashi, ka nemi kamfanin inshorarka ya ba ka takardar da ke nuna shekarun da ka yi kana tuƙi ba tare da ka nemi diyya ba, domin wasu kamfanonin ƙasar da za ka koma suna rage kuɗi idan suka ga wannan shaida, kuma samunta daga nesa yana da wuya.

Da zarar ka sauka, ka binciki wa'adin da aka ba baƙo na tuƙi da lasisinsa na gida. A Birtaniya wata 12 ne daga ranar da mutum ya zama mazauni, a Jamus kuwa wata 6. Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa ba ya tsawaita wannan wa'adi, domin rakiya kawai yake yi wa na asali.

Daga nan sai ka tambayi hukumar lasisi ko akwai yarjejeniyar musaya tsakaninta da ƙasar da ta ba ka naka. Idan akwai, za ka cike fom, ka miƙa tsohon lasisin da fasfo da shaidar adireshi. Idan babu, sai ka yi jarrabawar rubutu da ta tuƙi, kuma gara ka yi rajista da wuri, saboda layin kan yi tsawo.

Kada ka hau titi sai ka yi inshora, aƙalla wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. Ka faɗa wa kamfanin ainihin irin lasisin da ke hannunka, domin bayanin ƙarya kan sa a hana diyya ranar haɗari.