Yadda za ka gano inda kukan motarka yake fitowa kafin a kwance komai

Akwai wani irin kuka da mota ke yi, siriri haka wiiiii, ba ƙwanƙwasa ba ba gurnani ba, shi ne yafi cinye wa mutane kuɗi a gareji saboda kowa da abin da zai ce maka, wannan yace altaneta ne wancan yace giyabos ne, kafin ka ankara an canza kaya uku kukan yana nan. Magana nake akan motocin nan na Turawa masu ɗaki a ciki, da gado da kicin da banɗaki, waɗanda suke yawon hutu da su, amma duk wanda ya san J5 ya san rabin motar, don Peugeot J5 da Fiat Ducato na farko mota ɗaya ce daga masana'anta ɗaya a Italiya, kuma har yau yawancin motocin ɗakin nan na Turai akan Ducato ake gina su, wasu akan Sprinter. Saboda haka mai bas ma zai amfana.

Toh abu na farko dan Allah kar ka taɓa sifana. Tambaya ɗaya zaka amsa tukuna, kukan nan me yake bi? Inji yake bi ko gudun mota?

Ka samu titi miƙaƙƙe wanda babu cunkoso, ka kai gudun da kukan ke fitowa, sai ka taka kuloci ka bar inji ya sauka mota tana ci gaba da tafiya. In kukan ya sauka tare da inji to matsalar tana ƙarƙashin bonet. In kuwa yana nan daram sai da mota ta rage gudu ya ragu, ka manta da inji, ka koma ƙafafu da giya. Wannan gwajin na minti biyu ya raba maka aikin gida biyu.

Mu fara da na inji tunda yafi sauƙi. Mota a tsaye, a firi, an ja birkin hannu, wani ya riƙa ba ta wuta a hankali kai kana saurara. Kunna fitilu da fanka da duk abin da ke jan wuta, in kukan ya ƙaru altaneta ce ake zargi, musamman in kana jin irin kukan a sifikar rediyo yana hawa yana sauka da totur. Ka sa mitar auna wuta a batir inji na aiki, ya kamata ka ga wajen volt 14, in ƙasa da 13 ne akwai magana. Sannan ka murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, in nan ne take kuka to famfon sitiyari ne, buɗe murfin ka duba mai, sau da yawa ya ragu ne ko kaga kumfa a ciki alamar iska na shiga ta wani tiyo. Kar ka daɗe riƙe da sitiyari a ƙarshe, yana wahalar da famfon.

Dabarar da nafi yarda da ita ita ce cire bel, na waje wanda ke juya altaneta, ba tayimin bel na cikin inji ba. Inji a sanyaye, ka ɗauki hoton yadda bel ɗin ya zagaya kafin ka cire, wlh mutane da yawa sun sha wuya wajen mayarwa, sai ka tada inji kamar minti ɗaya ba ƙari, don a wasu motocin bel ɗin ne ke juya famfon ruwa. Kuka ya ɓace? To cikin abubuwan da bel ke juyawa ne, kashe inji ka juya kowane fuli, wato ƙaramar tayar da bel ke bi ta kai, da hannu, wanda boris ɗinsa ya mutu zaka ji shi garas-garas ko yana lilo. Na taɓa ganin wanda aka sa ya sayi altaneta sukutum alhali ɗan ƙaramin fulin da ke ɗaure bel ne ya lalace, abin ya min ciwo sosai don kuɗin bashi ne ya ciwo. In kuma kwanan nan aka canza tayimin bel kukan ya fara, a koma a duba, in aka ɗaure shi fiye da kima haka yake kuka.

Masu dizal mai tarbo, ɗan fito kaɗan lokacin da kake hawa tudu ba komai bane. Amma in ya koma kamar jiniya, ko mota ta rasa ƙarfi tana baƙin hayaƙi, duba tiyon iska ko ya tsage ko kilif ya saki. Shuɗin hayaƙi da jiniya tare kam a tsaya kawai.

Yanzu na gudu. Boris ɗin taya yana canza murya in ka ɗan karkata mota, ka ɗan yi hagu kukan ya ƙaru to nauyi ya koma dama kenan, galibi na daman ne. A ɗaga da jak a sa abin tokarewa mai ƙarfi, kar ka yarda da jak kaɗai, a juya tayar a girgiza ta sama da ƙasa. Ka shafa tayar da tafin hannu ma, in ta ci ba daidai ba kamar haƙoran zarto ita kanta tana kuka irin na boris sak. Motocin ɗakin nan suna yin watanni a ajiye, ga nauyi kullum kusa da tan 3.5, taya zata yi kyau a ido alhali ta tsufa, duba lambobi huɗu na gefenta, biyun farko satin da aka yi ta, biyun ƙarshe shekarar.

Kuloci kuma, mota a tsaye a firi inji na aiki, in sai ka taka kukan ke zuwa rilis boris ne, wato boris ɗin kuloci, in kuwa takawa ke kashe kukan to cikin giyabos ne. Kukan da ke zuwa a giya ɗaya tak, misali ta biyar, ko wanda ke canzawa in ka ɗaga ƙafa daga totur, fara da duba man giya kafin kowa yace a sauke. A Sprinter da Hiace masu jan baya ka haɗa da man aksul na baya, J5 da Ducato da gaba suke ja.

Sai ɓangaren ɗakin, wanda bakanike da bai saba da motar ba ba zai ma tuna da shi ba. Akwai famfon ruwan kicin da ke ta juyawa in tanki ya ƙare ko iska ta shiga, akwai fankar inbata da ta caja. Kashe wutar ɗakin gaba ɗaya daga babban makunni ka sake fita. In kuma kukan sai a babban titi yake zuwa kuma yana canzawa in iska ta bugo daga gefe, hau sama ka duba tagar rufi da sola da rumfar gefe, ka liƙe bakin ɗaya da salatif ka gwada, ka cire ka liƙe na gaba, ɗaya bayan ɗaya har ka kama shi.

Ranar da zaka je gareji ka tafi da rikodin a waya, ka faɗa wa bakanike a gudu nawa yake farawa, a wace giya, da sanyi ko sai mota tayi zafi, kuma ka roƙe shi ya shigo ku zaga tare yaji da kunnensa kafin ya rubuta maka kayan saye.