Yadda na gyara shinkafar Japan da ke ƙin nuna

Wata uku ke nan da na sayi wani littafin girke-girken Japan. Sau huɗu ina dafa farar shinkafarsu mai gajeren ƙwaya, kowane karo sai ta fito da tauri a tsakiya, ƙasan tukunya kuma ya kama. Abin ya dame ni ƙwarai, domin shinkafar nan da tsada na same ta.

Da farko na zargi wuta, na rage ta, ba abin da ya canza. Ashe matsalar a wurin awo take. Littafin ya ce shinkafa kofi 2, ruwa mililita 400. Ni kuwa kofin awon da ke kicin ɗina irin na Amurka ne, mai cin kusan mililita 240. A Japan kofin auna shinkafa mililita 180 ne, suna kiransa "go", wato kimanin giram 150 na ɗanyar shinkafa. Kenan kullum ina zuba mililita 480 inda ake son 360, ruwan kuma yana nan yadda yake. Ina za ta nuna?

Yanzu sikeli nake amfani da shi: giram 300 daidai. Ina wanke ta sau uku ko huɗu har ruwan ya kusa yin garau, in jiƙa ta minti 30, wanda a da nake tsallakewa. Idan ta tafasa sai in rage wuta sosai na minti 12, in sauke, in bar ta a rufe minti 10 ba tare da na ɗaga murfi ba. Jiya ta fito da laushi da sheƙi, tana haɗe jikinta yadda tsinkayen nan biyu da Japanawa ke cin abinci da su za su iya ɗauka.