Neman kyanwar daji a Amurka da Kanada: abin da sabon zuwa ya kamata ya sani

A dazukan Amurka da Kanada akwai kyanwoyin daji iri biyu masu guntuwar jela: links da bobkat. Dukansu sun fi muzurun gida girma nesa ba kusa ba, nauyin babba yakan kai kilo 8 zuwa 14. Mutum zai iya shekara goma a ƙasar bai taɓa sa su a ido ba, alhali su suna ganinsa. Wanda ya fita yana raba ido a daji yana neman kyanwar ita kanta, yawanci haka zai dawo. Abincinta ake nema, da sawunta.

Bobkat ta fi sauƙi, don tana kusan kowace jiha a Amurka da kudancin Kanada, har unguwannin biranen Kalgari (Kanada) da Tusan (Amurka) tana shiga. Zomo take ci, da ɓeraye da kurege, saboda haka a duba bakin fili inda ciyawa ta haɗu da ƙurmi. A gandun Point Reyes na Kalifoniya akan gan ta da rana tsaka tana gadin ramin ɓera.

Links kuwa ta arewa ce: Kanada, Alaska, arewacin Minesota, jihohin Men da Montana, sai Kolorado inda aka sake dawo da ita tun 1999. A shekarar 2000 gwamnatin Amurka ta sa ta cikin dabbobin da ke fuskantar barazana a jihohi 48 da ke kudu da Kanada. Rayuwarta ta rataya ne a kan wani zomo mai faɗin ƙafa da ke yin fari fat lokacin sanyi. Yawan zomon yana hawa da sauka kusan duk shekara 10, ita ma tana bin sa. Inda babu sawun zomo a dusar ƙanƙara, kada a ɓata lokaci.

Nan ne aikin yake. A fita washegarin saukar sabuwar ƙanƙara, a bi hanyar daji a hankali da mota ko da ƙafa, ana duba gefen hanya. Sawun kyanwa zagaye yake, yatsu huɗu, babu alamar farce, domin tana mayar da faratanta ciki in tana tafiya. Na kare da kerkeci ya fi tsawo, kuma farata suna fitowa. Sawun bobkat faɗinsa wajen santimita 5 ne. Na links ya kai 10, kamar tafin hannun mutum, amma ba ya fita sosai saboda gashin da ya rufe ƙafarta. Kuskuren da aka fi yi shi ne auna sawun da rana ta daka: ƙanƙarar ta narke, ramin ya buɗe, sai na bobkat ya koma kamar na links. A auna wanda ke inuwa. Kuma gara a bi sawun ta baya, inda ta fito, kada a kore ta daga kan abincinta.

In Allah ya sa an haɗu, jela za a fara dubawa. Ta links ƙarshenta baƙi ne duka, kamar an tsoma a tawada. Ta bobkat baƙi a sama, fari a ƙasa. Links tana da dogayen ƙafafu da dogon gashi a tsinin kunne.

Lokaci mafi kyau shi ne ketowar alfijir da gab da magariba. A watan Disamba a arewacin Minesota rana ba ta fitowa sai kusan ƙarfe 8, don haka ana iya yin sallar asuba a tsanake a tafi. A sami wuri a zauna, baya a jingine da itace, aƙalla minti 40 babu hira babu waya. Kyanwa da ido da kunne take aiki. Sabuwar shadda ko rigar leda mai kacau-kacau ta isa ta tona asiri. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar.

Sanyin ba wasa ba ne. Auduga in ta sha gumi ba ta riƙe ɗumi, a sa ulu daga ciki. Batirin waya yana mutuwa da wuri, a ajiye ta a aljihun ciki, a kuma faɗa wa wani inda aka nufa.

Dajin nan yana da masu shi. Fili mai allon hana shiga ko shinge, kada a taka. A watan Nuwamba mafarautan barewa suna daji da bindigogi, a sa riga mai ruwan lemo mai haske. Ajiye nama ko kaza don jawo dabba laifi ne a gandun gwamnati, a Kanada tarar tana iya kai dalar Kanada 25,000. A gandun Yellowstone na Amurka ƙa'ida ita ce tazarar mita 23 daga yawancin dabbobi. Kyanwar daji mai lafiya guje wa mutum take yi; wadda ta nufo ka tana tangaɗi ko tana dalalar da yawu, ƙila ciwon haukan kare ne. A ɗauki yara, a ja da baya ana fuskantarta, a kira ma'aikatan gandun.