Ranar intabiyu: yadda za ka sayar da kanka ba tare da ka zubar da kunyarka ba

Toh, ka gama bautar ƙasa, an ba ka takardar sallama, alawus ɗin nan na dubu 77 ya tsaya cak, ka watsa CV ko'ina har ka manta inda ka tura da inda ba ka tura ba, sai kwatsam ga saƙo wai ka zo intabiyu ranar Talata ƙarfe tara. Kafin ka fara neman aron kwat, zauna mu yi magana, domin na zauna a kujerar mai amsa tambaya, daga baya kuma na zauna a ɓangaren masu yin ta, kuma abin da na gani yana kayar da yaranmu ba rashin ilimi ba ne.

Fara da tabbatar da cewa aikin ma na gaske ne. In saƙon bai faɗi sunan kamfani ba, bai faɗi wane gurbi ba, kai kuma ba ka tuna ka nema ba, yi hattara. Akwai masu tara matasa a wani ɗaki su yi ta lacca awa uku ƙarshe a ce ka biya kuɗin rajista ka fara tallan maganin ƙarin lafiya. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko kuɗin "tantancewa" kafin a gan ka, aljihunka yake nema. Shiga shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka duba ko kamfanin na da rajista, ka duba adireshin, kuma ka gaya wa wani a gida inda za ka, musamman ke 'yar'uwa, in aka ce a otal za a yi ko bayan magariba, ki ce a'a kawai.

In ya tabbata, sai bincike. Wallahi abin kunya ne a tambayi mutum me ka sani game da mu ya fara sosa ƙeya, alhali datar naira ɗari biyu ta isa ya karanta shafinsu da Facebook ɗinsu da LinkedIn. Me suke sayarwa, su waye abokan gasarsu, ina rassansu suke, me suka yi kwanan nan. Sannan ka koma kan tallan aikin da suka fitar ka karanta shi layi-layi, domin yawancin tambayoyin daga nan za su fito.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Mu an raine mu da kunya da kawaici, an koya mana yabon kai jahilci ne, ba a kallon babba cikin ido, in babba na magana ka sunkuyar da kai, in an yabe ka ka ce ai ba komai. Tarbiyya ce mai kyau kuma ba zan ce ka yar da ita ba, amma a ɗakin intabiyu mutanen da ke gabanka minti ashirin kawai suke da shi, ba su san gidanku ba, ba su san kai ne ka riƙe ajin SS2 shekara guda ba malamin lissafi sai kai, in ba ka faɗa ba babu mai faɗa maka. Na ga yaro mai sakamako mai kyau ƙwarai, aka ce ya ba mu labarin kansa, ya faɗi sunansa da garinsu da makarantar da ya yi ya yi shiru, kansa a ƙasa, muryar ma sai ka kasa kunne. Wanda ya shigo bayansa bai kai shi takarda ba amma shi aka ɗauka, ni kaina abin ya dame ni ranar.

Dabarar ita ce kar ka yabi kanka, ka ba da labarin abin da ka yi, aikin ya yabe ka. Maimakon ka ce ni mai ƙwazo ne, mai gaskiya, mai aiki tuƙuru (kowa haka yake cewa, har kunnenmu ya gaji), ka ce lokacin bautar ƙasa an tura ni makarantar da ba ta da rajistar ɗalibai mai tsari, na zauna na shigar da sunayensu a Excel, aikin fitar da sakamako da yake cin sati biyu ya koma kwana uku. Ka ga nan ba alfahari, magana ce ta abin da ya faru. Shirya irin waɗannan labarai uku ko huɗu tun a gida: matsalar da ka tarar, abin da kai ka yi da hannunka, da yadda ta kaya. Kuma ka ce "na yi", ba kullum "mun yi" ba, domin ba ƙungiyarku za a ɗauka ba.

Kar ka ce ba ka da ƙwarewar aiki don ba ka taɓa zama a ofis ba. Zaman shagon babanka a Kantin Kwari ko Sabon Gari kana rubuta bashi da lissafin kaya aiki ne. POS ɗin da ka riƙe aiki ne, ka san mu'amala da kwastoma mai fushi in kuɗinsa ya maƙale. SIWES, horon aikin da ɗalibai ke zuwa lokacin karatu, aiki ne, koyarwa a Islamiyya aiki ne, ke da kike sayar da turaren wuta ko atamfa ta WhatsApp kina aika kaya har Legas, wannan ai kasuwanci ne da talla gaba ɗaya. Ku daina raina su.

Maganar ido kuma, ba cewa aka yi ka ƙura wa mutum ido kamar mai neman faɗa ba. Kalli wanda ya yi tambayar, ka ɗan juya ga sauran, ka ɗaga murya yadda na ƙarshen tebur zai ji. In ke ba kya musabaha da maza, sa hannu a ƙirji da murmushi ki gaishe su da fara'a, ya wadatar, kar ki tsaya kame-kame.

Turanci na tsorata mutane da yawa, har wani ya haddace amsa daga intanet ya zo yana karantowa kamar hadda, ana katse shi da tambaya ɗaya sai komai ya watse. Yi magana a hankali da gajerun jimloli, ba a neman lafazin BBC. Ka sa abokinka ko yayarka su yi maka tambayoyi kana amsawa da baki, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara, za ka ji inda kake "eh, eh" da kanka. In ba ka gane tambaya ba ka roƙi a maimaita. In ba ka san amsa ba ka ce ba ka sani ba amma ga yadda za ka bi ka gano. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ka rubuta a CV ka iya Excel sosai, a juyo maka laftof a ce bismillah, nan ake jin kunya ta gaske.

Takardu a fayil ɗaya tun daren: asali da fotokwafi na digiri ko HND, takardar NYSC ko ta yafewa, WAEC ko NECO, takardar haihuwa, ta shaidar ƙaramar hukuma in aikin gwamnati ne, NIN, fasfo, da CV kwafi uku. Duba ko sunanka da ranar haihuwa sun yi daidai a duka, in Muhammad ne a nan Mohammed a can, je kotu ka yi takardar rantsuwa tun wuri.

Sutura, kaftani mai guga da hula ya yi a ma'aikatun gwamnati da wurare da yawa a Arewa, banki da manyan kamfanoni kuwa sun fi son kwat. Turare kaɗan don Allah. Ka isa da rabin awa a hannu, wanda ke tahowa daga Mararaba ko Nyanya zuwa cikin Abuja ya san abin da go-sulo ke yi da safe. Ka gaishe da mai gadi da sakatariya da mutunci, sau da yawa ana tambayarsu. In ta Zoom ne, caja waya da fawabank, sayi data a layi biyu, sami ɗaki mai haske, ka roƙi yaran gida su yi nisa.

Sai albashi, inda kunya ke sake cin mu. "Duk abin da kuka ba ni" ba amsa ba ce. Tambayi masu irin aikin nawa ake biya, ka faɗi daga kaza zuwa kaza. Mafi ƙarancin albashi a doka tun 2024 naira dubu 70 ne, ka lissafa kuɗin mota da abincin rana na wata kafin ka amince. Kuma ka tambaya adadin da suka faɗa kafin cire-cire ne ko wanda zai shigo asusu, domin akwai haraji, akwai kashi 8 cikin ɗari na fansho daga ɓangarenka, kamfani kuma ya sa kashi 10.

In suka tambaye ka ko kana da tambaya, kar ka ce babu. Tambayi me suke so wanda aka ɗauka ya cim ma a wata ukun farko, da yaushe za a ji sakamako. Washegari ka tura gajeren imel na godiya, layi uku ya isa. In ranar da suka faɗa ta wuce da sati guda shiru, ka tuntuɓa sau ɗaya cikin ladabi, ka ci gaba da tura CV wasu wuraren, wayarka kuma a kunne, ka riƙa ɗaga baƙuwar lamba da sallama mai kyau ba "waye?" ba.