Yadda ake shiga teku da kayan nutso ku biyu idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi

Cikin samarin Maradi da ke tafiya Kwatano, Lome ko Dakar don karatu ko aikin tashar jiragen ruwa, akwai waɗanda suka fara koyon nutso da tukunyar iska. Yawancinsu sun iya ruwa tun a Gulbi lokacin damina ko a tafkin Madarumfa, sai dai a can babu igiyar da ke tasowa ta maka mutum da ƙasa. Na ɗauka ka riga ka yi horo ka karɓi takardarka. Maganata a kan ɗan tsakanin nan ne, daga yashi zuwa bayan inda igiya ke fashewa.

Kafin ku taɓa kaya, ku zauna a gaɓa ku kalli ruwa kamar minti 10. Igiyoyi jeri-jeri suke zuwa: manya su biyo juna, ruwa ya ɗan lafa, sannan wasu su taso. A cikin wannan lafawar za ku shiga. Inda kuka ga ruwa ya gauraye da yashi, igiya ba ta fashewa, kumfa na tafiya ciki, to nan ne ruwa ke komawa teku da ƙarfi, ku shaida wurin ku matsa. In igiya ta kai ƙirjinka, ni dai na ce a fasa. Na san kuɗin hayar kaya ya riga ya fita, kuma shi ke sa yara dagewa, amma ka roƙi mai kayan ya ɗage maka zuwa gobe da sassafe, lokacin da iska ba ta taso ba.

Sai ku duba juna. Kowa ya shaƙi iska daga bututun numfashin abokinsa, ya ga allurar awon iskar tukunya tana wajen bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska), ya san inda ake kwance ɗamarar dalmarsa. Ku tsayar da wanda zai ba da alamar tafiya, don a cikin rugugin ruwa ba mai jin muryar wani.

Ga inda sababbi ke faɗuwa. Suna shiga ruwa ya kai gwiwa, sai su tsaya sa takalman nutso, kowa ya sunkuya yana fama da nasa, ga kaya sama da kilo 20 a baya, ga kuma sun juya wa teku baya. Igiya ɗaya ta isa. Na ga wanda ta tumurmusa, gilashin fuska ya cire, bututu ya fita daga baki, abokinsa na tsaye da takalmi ɗaya a hannu ya rasa ta inda zai kama shi.

Ku sa takalman tun a bakin ruwa, ɗaya bayan ɗaya: kai ka dafa kafaɗarsa ka sa, shi idonsa na kan teku, sannan ku yi musaya. Bututu a baki tun daga yashi, kada a cire don magana. A hura rigar iska, wato rigar da ke sa mutum ya taso saman ruwa, kaɗan kawai. In ta cika tam, igiya za ta ɗauke ka kamar ƙwarya ta mayar gaɓa. Ku riƙe juna a damtse, ba a yatsu ba, ku shiga a kaikaice kuna jan ƙafa. In babba ta taso, ku tsaya, ku buɗe ƙafafu, ku ba ta gefen jiki, ku ɗan jingina gare ta, ɗaya hannun na danne gilashi da bututu. Tana wucewa ku ci gaba. Da ruwa ya kai ƙugu, ku kwanta ku yi iyo da sauri, igiya mai zuwa ku bi ta ƙarƙashinta. Tsayawa a inda take fashewa shi ne haɗarin, ko ku wuce ko ku koma. In ɗaya ya faɗi, kada ya yi ta kokawar miƙewa, ya ci gaba da shaƙa, abokin ya kama madaurin kafaɗarsa, ku fita tare ku sake lale.

Bayan kun wuce, ku hura riga sosai, ku huta har numfashi ya daidaita kafin ku nutse. Sauran ka sani: in kun ɓace wa juna, nema na minti 1 sai a hau sama, hawa a hankali, kada ya wuce mita 9 zuwa 10 a minti, tsayawa minti 3 a mita 5. Ana cewa a fito da sauran iska bar 50 a tukunya, ni a gaɓa mai igiya bar 70 nake so, don fitowa ma tana cin iska.

Wajen fita, ku jira lafawa a bayan igiya, ku bi bayan babba, ku yi rarrafe da gwiwa da hannu har busasshen yashi, bututu a baki, takalma a ƙafa. Wanda ya fara isa ya juyo ya jawo ɗan'uwansa. Mai komawa Yamai ta jirgin sama ya jira aƙalla awa 18 bayan nutso na ƙarshe kafin ya hau jirgin, idan nutson ya wuce sau ɗaya.